Phi Piak Ya Ce Ya Samu Sauƙi

Litinin, 2 ga Yuni, 2568 a kalandar ƙasarmu

Na iso gida Suphan da la'asar, ana ruwa. Khun Chalo, editana, ya sa hannu a takardar hutuna ba tare da ya ɗago ba. Ya ce, "In kin ga labari a can, namu ne."

Phi Piak, yayana, ya rame. Shekara bakwai yana fama da ciwon damuwa, ya sha magani kala huɗu, babu wanda ya riƙe shi. Ya ajiye koyarwa bara waccan. Matarsa ta koma wajen danginta, ban ga laifinta ba. Yanzu wuni yake kwance a gadon gora a ƙarƙashin gidanmu mai dogayen ƙafafu, karenmu Thua a ƙafarsa.

Shi ya samo labarin gwajin da kansa. Wani asibitin koyarwa a Bangkok na neman mutane irinsa, za a gwada musu sinadarin naman kazan nan mai sa gane-gane. Ya ce, "Na karanta abin da kika rubuta bara. Kin ce hujjar ba ta yi ƙwari ba." Na ce haka ne. Ya ce, "To, ki raka ni."

Mae, uwarmu, tana ɓare tafarnuwa, ta ce, "Naman kazan kashin ɓauna? Wanda ubanku yake sharewa daga garke da tsintsiya? Yanzu sai an je Bangkok an sa hannu kafin a ci?"

Alhamis, 5 ga Yuni

Na sake karanta takardun binciken da aka yi a kan maganin. Don kaina, in rubuta abin da na sani.

Gwaji mafi girma da na samu, mutum ɗari biyu da 'yan kai ne. Masu cikakken awo sun fi samun sauƙi a mako na uku, zuwa wata uku tazarar ta ragu. Wani ƙarami ya kwatanta shi da maganin damuwa na yau da kullum, a babban ma'aunin da suka zaɓa bai nuna bambancin a zo a gani ba. Ostireliya ta buɗe ƙofa. Amurka ta mayar da wani ɗan'uwan maganin, ta ce a sake aiki. Mu nan an halatta shi don bincike kawai.

Babbar matsalar ita ce ba ya ɓoyuwa. Ana so majiyyaci ya kasa sanin ko magani ya sha ko ƙwayar bogi. To wanda bango ya yi numfashi a gabansa ya san abin da ya sha. Wanda ya kwanta ya ji kiɗa kawai shi ma ya sani. Na farko ya tashi da murna, na biyu da takaici, sai a auna tazarar a ce magani ne. Nawa ne magani, nawa ne tsammani? Babu wanda ya raba su tukuna.

Ba na cewa ba ya aiki. Ina cewa ba mu sani ba. Shekara ashirin ina rubuta wannan jimlar a kan abubuwa daban-daban. Na gaji da ita.

Talata, 10 ga Yuni

An karɓe shi.

Likitar da za ta riƙa yi masa tambayoyi yarinya ce, Mo Fai, ba ta kai talatin ba. Tana neman ƙwarewa, wannan aikin ne zai fitar da ita. Ba ita za ta zauna da shi ranar shan maganin ba, kuma ba za ta san abin da ya sha ba. Wannan daidai ne, na yaba a raina.

Ƙa'idar: rabin mutane za su sha cikakken awo, rabi su sha 'yar ƙwayar da ba ta yin komai. Bayan mako shida, wanda bai samu sauƙi ba za a ba shi cikakken awo a fili. Wanda ya samu sauƙi, a yi masa godiya a sallame shi. Ma'aunin kuwa bakin majiyyaci ne. Babu jinin da za a ɗiba ya nuna baƙin ciki.

Dole ya bar tsohon maganinsa a hankali kafin ranar. Ta ba mu lambar da za mu kira ko yaushe.

Phi ya riƙo mata kwalin sali, kek ɗin nan namu na Suphan. Ta haɗa tafuka ta ce, "Na gode, Khru." Wata nawa rabon da wani ya kira shi malam? Ya gyara zama. Ya tambaye ta inda ta yi makaranta, ta ce Ang Thong, uwarta taliya take sayarwa a bakin kasuwa. A mota ya ce, "Yarinya mai ƙoƙari."

Asabar, 21 ga Yuni

Barin maganin ya fara nuna kansa. Jiri, zufa, ya ce kamar ana taɓa masa waya mai wuta a cikin kai.

Mae ta kwashe jarkokin maganin ciyawa ta kai gidan maƙwabci. Mu biyu mun san dalili.

Juma'a, 27 ga Yuni

Ruwa. Wanki bai bushe ba.

Laraba, 2 ga Yuli

Ranar shan magani. Mun bi motar farko. Ɗakin sun yi masa kwalliya kamar falon otal: doguwar kujera, fitila mai laushi, tukunyar fure. Ma'aikata biyu za su zauna da shi. Ni aka ce in jira a waje.

Na wuni a kantin asibiti. Na yi ta shan kofi. Na gyara kuskure uku a allon abincinsu, a raina.

Ya fito da yamma, shatin ƙyallen rufe ido a fuskarsa. Na ce, "Me ka gani?"

"Cikin ƙyalle."

"Shi ke nan?"

"Kiɗan irin na ɗakin jiran likitan haƙori ne. Na je bayi sau biyu. Ɗayan ma'aikacin ya yi gyangyaɗi, na yi kamar ban ji ba."

To. Bogi ya sha. Ya sani, na sani. Abin da na rubuta bara ke nan, sai dai bara ba shi da fuskar yayana.

Na ce masa ba komai, mako shida ne, a ba shi na gasken. Ya gyaɗa kai.

Alhamis, 3 ga Yuli

Mae ta ce, "Duk wannan tafiyar, barci ya je yi?"

Laraba, 9 ga Yuli

Tambayoyin farko bayan shan magani. Ya tashi ya yi aski, ya goge riga da kansa, ya sa muka tsaya sayen sali. Na ɗan ji daɗi, don wauta.

Mo Fai ta rako shi har ƙofa tana murmushi. Ta ce, "Khru yana ƙoƙari sosai."

A mota na ce, "Me ka ce mata?"

"Na ce barci ya gyaru."

"Ya gyaru?"

Ya kau da kai.

"Cin abinci fa?"

"Na ce ba laifi." Can ya ce, "Tana riƙe da biro tana kallona, Kung. Idonta duk ya faɗa. Ba ta barci yarinyar nan."

Da muka isa gida ya cire rigar ya rataye ta da kyau, ya koma gadon gora. Bai tashi ba sai washegari.

Juma'a, 11 ga Yuli

Yau sufayen haikali suke shiga zaman ibadarsu na damina. Mae ta kai kyandir haikali, ni na ɗauko kwanon abinci. Tsohon sufin ya ba ta farin zaren albarka guda biyu, na ɗaurawa a hannu. Ta ɗaura wa Phi nasa yana kwance. Nawa na sa a aljihu.

Ta ce, "Ke ba kya ɗaurawa, 'yar jarida?" Na ce yana jiƙewa in ina wanke-wanke. Ta ce, "Yaushe kika taɓa wanke-wanke?"

Lahadi, 20 ga Yuli

Khun Chalo ya kira. Har ya shirya kanun labari: kashin ɓauna ya warkar da yayana. Na ce bai warke ba, kuma ba kashin ɓauna ba ne, a ɗakin gwaji ake haɗa shi. Ya ce, "Ke dai kina da baiwar kashe labari, Kung. To rubuta cewa yaudara ce." Na ce wannan ma ban sani ba. Ya ce, "Ban sani ba ba ya sayar da jarida." Na ce na sani.

Thua ya yi ƙiba. Na lura yau da ya kasa shiga ta ramin shinge.

Laraba, 23 ga Yuli

Tambayoyi na biyu. Aski, riga, sali. Ya ce mata ya fara jin sha'awar karatu. Littafin da ke gefen gadonsa, alamar tana shafin da na same ta ranar da na zo.

Mun yi faɗa a tashar mota, a hankali, don kada mutane su ji.

Na ce, "Phi, ka gane abin da kake yi? In ka ce ka samu sauƙi a zama na ƙarshe, sallamarka za su yi. Ba za a ba ka na gasken ba. Ka bar maganinka a banza, ka sha jiri a banza, ka koma kan ƙwayoyin da ba su yi maka komai ba."

Ya ce, "Aikinta ne. In kowa ya ce bai ji komai ba, ta faɗi."

Na yi masa bayani dalla-dalla, kamar mai karatu. Cewa ba jarrabawa ba ce. Cewa in na ɓangaren bogi suka ce sun warke, maganin ne zai fito kamar ba ya aiki, ya cuce ta ke nan, bai taimake ta ba. Ya saurara har ƙarshe. Ya gane sarai, ba wawa ba ne. Ya ce, "A takarda haka ne. Amma ke ba kya cikin ɗakin."

Sai ya ce, "Shekara ashirin da shida ina koyar da rubutu, ban taɓa kayar da yaro ba."

Na ce, "Shi ya sa allunan kasuwar Suphan duk kuskure ne."

Saura kaɗan ya yi dariya. Na gani a gefen bakinsa. Sannan ya ce, "Ke da gaskiyarki fa, wa ya rage miki? Ke kaɗai kike cin abinci a Bangkok."

Daidai ne, sai dai ba shi muke magana a kai ba.

Alhamis, 31 ga Yuli

Na yi ta tunani. Duk takardun da na karanta suna tsoron majiyyacin da ya ji haushi don an ba shi bogi, ya ƙara wa ciwonsa gishiri. Babu wanda ya yi tanadi don majiyyacin da ke jin nauyin likita. A ƙasashen waje aka tsara tambayoyin, inda mutum zai kalli idon likita ya ce maganinka bai yi ba. Mu an raine mu kada mu ɗora wa kowa nauyi. Ko mai taliya ya zuba gishiri da yawa, mu ce ta yi daɗi, mu daina zuwa kawai.

Labari ne mai kyau wannan. Da ba yayana ba ne, da na ji daɗin rubuta shi.

Talata, 5 ga Agusta

Na je Bangkok ni kaɗai, na ce musu ofis za ni. In Phi ya ji, ba zai yafe ba.

Na samu Mo Fai a matakalar baya tana cin shinkafa daga leda. Na ce ba na neman ta gaya min komai, ni zan gaya mata. Na gaya mata: barcin, abincin, littafin, maganin ciyawa.

Ta ajiye cokali. Ta tambaye ni ko ya taɓa faɗin wani shiri, ko ya yi wani yunƙuri. Na ce a'a. Ta ce in na ga alama kada in jira ranar zama, in kira. Sannan ta ce, tana kirana yaya don girmamawa, "Phi Kung, ba zan iya rubuta maganar ƙanwa a gurbin maganarsa ba. Abin da ya fito daga bakinsa kaɗai ake rubutawa."

Na ce na sani.

Ta yi wata dariya marar daɗi. "Kowa ya samu sauƙi, Phi. Kowa. Firjin sashenmu ya cika da kek da mangwaro. Wata tsohuwa ta ce min ta warke tana hawaye, ta ce hawayen murna ne. Malamina ya ce in yi farin ciki."

Na ce, "Yayana malami ne. Yana ganin ki kamar ɗalibar da ke bakin faɗuwa. Bai taɓa kayar da kowa ba."

Ta daɗe tana kallon ledar. Ta ce sai ta yi magana da na sama da ita. Ba ta yi alkawari ba. Na yaba da hakan, kuma na so in shaƙe ta.

Asabar, 9 ga Agusta

Bai yi wanka ba tun Laraba.

Talata, 12 ga Agusta

Ranar Uwa. Na sayo furen yasmin guda biyu, na ba shi ɗaya. Sai da rana ta take kafin ya iya hawa matakala. Muka durƙusa a ƙafar Mae kamar kowace shekara.

Ta karɓi nawa ta shafa min kai. Nasa ta bar shi a hannunsa.

Ta ce, "Piak, kullum na kawo maka shinkafa sai ka dawo min da kwano a wanke, ka ce ka ƙoshi, Mae. Kai kana ramewa, kare yana tafiya kamar alade. Ka ɗauka tsufa ya cinye min ido?"

Ya sunkuyar da kai.

"Na yi shiru don kada in ba ka kunya. Kai kana yi min kara, ni ina yi maka kara, Thua kaɗai ke cin riba. Na gaji. Gobe in ka je, kada ka kai wa 'yar mutane kwano a wanke."

Ta karɓi furen daga baya. Ta ce ya yi yaushi, an cuce ni a kasuwa.

A duk binciken nan Thua ne kaɗai ma'aunin da ba ya kara.

Laraba, 13 ga Agusta

Zama na ƙarshe. Ya yi aski. Ya goge riga. Muka zo shagon sali ya ce a tsaya. Muka tsaya.

Ya daɗe a ciki fiye da kullum. Na karanta duk takardun da ke manne a bango, har da na wanke hannu.

Ya fito shi kaɗai, ido ja, rigar ta jiƙe a baya. Ya wuce ni kamar bai san ni ba. Sai a mota, bayan mun fita daga gari, ya fara magana yana kallon taga.

"Ta sauko daga kujera. Ta durƙusa ƙasa da ni, kamar ranar gaida malamai. Ta miƙo min jan biro da hannu biyu. Ta ce, Khru, aikina cike yake da kuskure, kowa tausayina yake ji, babu mai gyara min. In na kai shi haka, wasu za su sha magani a kan ƙarya. Ki ji fa."

"Sai ka yi me?"

"Na gyara mata." Ya ja numfashi. "Tun daga barci. Na ce ban yi barcin kirki ba tun watan Yuni. Na gaya mata na kare. Tana ta rubutawa. Ban taɓa jin kunya irin ta yau ba."

Can ya ce, "Ke kika je wajenta." Ba tambaya ba ce. Na ce eh. Ya ce, "Bakinki kamar rariya." Daga nan ya jingina da taga ya yi barci har Suphan, baki buɗe.

Na kira Mo Fai da yamma, na tambaya ko shi kaɗai ta yi wa haka. Ta ce an amince, daga yau kowa za ta roƙa ya gyara mata, kuma za a rubuta ranar da aka fara. Wannan ma zai karkata sakamakon ta wata fuska, mu biyu mun sani. Sali ɗin, ta ce, ya ba ta duk da haka.

Juma'a, 15 ga Agusta

Sun kira. Bai samu sauƙi ba, a hukumance. Ban taɓa murnar mummunan sakamako haka ba. Za a ba shi cikakken awo Laraba ta sama da mai zuwa.

Ba ya min magana. Yana yi wa Mae.

Litinin, 25 ga Agusta

Khun Chalo ya sake kira, ban ɗauka ba. Takardun suna cikin jaka tun makon jiya. Babu abin da ya canza a cikinsu. Maganin yana iya yi masa aiki wata ɗaya ya sake shi. Yana iya ba shi tsoro. Yana iya yin shiru kamar sauran magungunan huɗu.

Ɗazu da hantsi ina shanya rigarsa ya kira ni daga gadon gora. Karo na farko tun ranar motar.

"Kung. Ke da kika karanta komai. Zai yi?"

Amsar tana bakina, na faɗe ta shekara ashirin. Yana riƙe da kwanon shinkafa, ya ci kusan rabi, Thua na zaune yana kallonsa da mamaki.

Na ce, "Ina ganin zai yi, Phi."

Ya kalle ni ya daɗe, irin kallon da yake yi wa yaron da ya kwafi amsa. Ya ce, "Hmm." Ya ci gaba da cin abinci.

Tsammani yana cikin abin da ke sa maganin aiki, takardun ma sun faɗa, kuma yanzu babu sauran abin ɓoyewa. Dalilina ke nan. Ba kara na yi masa ba.

Zaren Mae ya fito daga aljihu wajen wanki. Na ɗaura shi don kada ya ɓata.